Tsofaffin Takubba: Abubuwan Mamaki 18 Daga Gumel Zuwa Sauran Duniya

A gidaje da dama na ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai tsohon takobi a rataye a bango ko a kwance a ƙarƙashin gado. Ba a cika tuna shi ba sai sallah ta ƙarato za a yi hawa, ko ranar rabon gado. A wasu ƙasashe kuwa akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman tsofaffin takubba, musamman na hafsoshin soja waɗanda aka ƙera wa mutum ɗaya takanas, da sunansa a jiki. Abin da suke zuba wa kuɗi shi ne labarin da ke tare da ƙarfen: wa ya ƙera shi, wa ya rataya shi, ina aka je da shi. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin wannan fage, za mu fara daga gida.

1. Ruwa na Jamus, kube na Kano

Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 cikin birnin a kowace shekara, mafi yawansu daga garin Solingen na ƙasar Jamus. Tsirara suke zuwa, ba ƙota ba kube. Maƙeran Kano ke sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, masaƙa su kitsa hamila, kowane takobi daidai da aljihu da muƙamin mai shi. Ke nan ƙera wa mutum takobinsa na kansa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma takobin da kaka ya bari yana iya zama aikin nahiyoyi biyu.

2. Takubban da aka musanya da shanu

Tun kafin Barth, Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824. Ya ba da labarin cewa dogayen takubban da ya gani a hannun barade wasunsu na tsofaffin mayaƙan tsibirin Malta ne. Daga Malta ake kai su Bingazi a ƙasar Libiya ta yau, a musanya su da bijimai, ayari ya ƙetare hamada da su zuwa Barno, daga nan su gangaro ƙasar Hausa a sake musu ƙota a Kano. Gumel tana tsakanin Barno da Kano, don haka ba abin mamaki ba ne a ce irin wannan kaya sun ratsa ta ƙasarta.

3. Kyarkeci da jinjirin wata

A duba ruwan tsohon takobi kusa da ƙota. Sau da yawa za a ga zanen wata dabba tana gudu, ko jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Dabbar kyarkeci ce, tambarin maƙeran garin Passau na Jamus, wanda daga baya na Solingen suka ara. Saboda masu saye a nan sun ɗauki waɗannan alamomi shaidar ƙarfe mai kyau, maƙeranmu ma suka riƙa buga su a kan abin da suka ƙera. Masana suna rarrabewa ta zurfin bugun da tsabtar layin.

4. Takobin Buzu a kasuwar Alhamis

Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana tara masu raƙuma da shanu daga Nijar da Nijeriya, kuma Buzaye ba su rabu da takobi ba har yau. Zubinsa sananne ne: miƙaƙƙe, kaifi biyu, tsawo wajen mita ɗaya, kwarmi a tsakiyar ruwan, baki a dunƙule maimakon tsini mai kaifi, domin na sara ne. Ana lulluɓe ƙotarsa da fata da tagulla yadda hannu ba zai taɓa baƙin ƙarfe ba. Masu tara takubba a Turai da Amurka suna da rukuni na musamman na masu neman irinsa, kuma da sunan takoba suka san shi. Abin da suka fi nema shi ne tsohon ruwa da ke cikin kubensa na asali.

5. Masarautar da takobi ya tsare

An kafa masarautar Gumel wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da Mangawa, ta kuma kasance ƙarƙashin inuwar Barno. Jihadin ƙarni na 19 bai ci ta ba, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Wajen 1845 aka dawo da fada Gumel daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar. Tsawon shekaru tana kai ruwa rana da Haɗeja da Kano da Damagaram, har Sarki Abdu Jatau ya rasu a fagen fama a 1872 a yaƙi da Haɗeja. Sai a 1903 Sarki Ahmadu ya amince da Turawa. Duk gidan da ya gaji sarautar yaƙi a wannan ƙasa, takobin da ke cikinsa shaida ce ta wancan zamani.

6. Gajere na Katsina da takobin Daura

Tara takubba ba baƙon abu ba ne a fadojinmu. Katsina tana riƙe da Gajere, takobin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau, yana cikin kayan sarautar da sabon sarki ke karɓa. Fadar Daura kuma tana adana takobin da aka ce da shi Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Masanin Ingila A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin Arewa yana nazarin takubba da sulke, ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964, wanda har yau masu wannan bincike ke komawa gare shi. Waɗannan takubba sun tsira ne saboda an san sunansu kuma akwai masu kula da su.

7. Takobin surukin Sarkin Musulmi

Alhaji Umaru Futi, jagoran Tijjaniyya, ya zauna shekaru a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Takobin da ake dangantawa da shi, wanda wasu masana ke cewa na ɗansa Ahmadu ne, hafsan Faransa Louis Archinard ya ɗauke a Bandiagara ta ƙasar Mali ta yau a 1893, ya daɗe a gidan tarihin soja na Faris. A Nuwamban 2019 firaministan Faransa na lokacin, Édouard Philippe, ya miƙa shi ga shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, a Dakar. Abin mamakin shi ne ruwan takobin a garin Klingenthal na Faransa aka ƙera shi, ƙota da kube ne aikin maƙeran Afirka.

8. Takubba tara a yini ɗaya

Ya tabbata cewa a yaƙin Mu'uta takubba tara ne suka karye a hannun Sayyidina Khalid bin Walid, Allah ya ƙara masa yarda, bai rage da komai ba sai wani faffaɗan takobi na Yaman. Wannan ya nuna yadda ingancin ƙarfe ya zama batun rai da mutuwa. A fadar Topkapi ta birnin Istanbul akwai ɗaki na musamman da ake ajiye takubban da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa. An fara tara su a can ne bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Da yawa an yi musu sabbin ƙotoci da kube na zinariya daga baya.

9. Hafsa da kuɗinsa yake saye

A sojan Ingila na ƙarni na 19, ƙaramin soja gwamnati ke ba shi makami, hafsa kuwa shi ke sayen takobinsa. Yakan je wurin telan da ke ɗinka masa kaki ya ba da oda, shi ya sa ake yawan ganin sunan tela a jikin ruwan maimakon na maƙeri. Mai hali yakan sa a zana haruffan sunansa, da tambarin gidansu, da sunan rundunarsa. Wanda zai tafi fagen daga yakan nemi a ƙara wa ƙotar ƙarfi ko a canza nauyin ruwan. Ƙotar kanta da fatar kifi mai kaushi ake naɗe ta, a ɗaure da waya, don kada ta zame idan hannu ya jiƙe da gumi.

10. Lambar da ke tona asirin mai takobi

Daga 1844 kamfanin Wilkinson na Landan ya fara buga lamba a gadon bayan takubbansa, yana rubuta ranar gwaji da sunan mai saye a littafi. Littattafan sun tsira. Saboda haka mai riƙe da irin wannan takobi yau yana iya bin lambar ya gano hafsan da ya saye shi, daga nan ya binciko yaƙoƙin da ya halarta. Takubba biyu iri ɗaya sak, wanda aka san mai shi yakan ninka ɗayan kuɗi. A 2005 kamfanin ya rufe masana'antar takobinsa, sunan ya rage a kan rezar aski.

11. Tauraron tsohon kwabo

Dattawa za su tuna tsohon kwabo mai huji da tauraronsa mai kusurwa shida. Irin wannan tauraro yana jikin takubban hafsoshin Ingila da yawa, kusa da ƙota, da ɗan faifan tagulla a tsakiyarsa. Alama ce cewa ruwan ya ci jarrabawa. Henry Wilkinson ya ƙirƙiro injin da ke lanƙwasa takobi ya kuma maka shi da ƙarfin da ya wuce na hannun mutum, wanda bai karye ba kuma ya koma daidai shi ke samun shaida. Da masu saye suka fara neman alamar, wasu masu ƙera na banza suka shiga manna ta ba tare da gwaji ba.

12. Zubin 1897 bai tsufa ba

Takobin da hafsoshin sojan ƙasa na Ingila ke riƙewa a fareti yau zubin 1897 ne, shekarar da aka ɗora wa Lugard aikin kafa rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta kuma afka wa Haɗeja a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Ƙasashe da yawa da Ingila ta mallaka sun gaji al'adar takobin hafsa. A makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa takobin girmamawa ake miƙa masa ranar yaye, kamar yadda ake yi a makarantar hafsoshin Ingila ta Sandhurst.

13. Bisalamin Masar a ƙugun janar

Yaƙin Napoleon a Masar daga 1798 ya sa hafsoshin Turai suka yi sha'awar lanƙwasasshen takobin Mamalik mai ƙotar hauren giwa. A 1831 Ingila ta mayar da wannan zubi takobin janar-janar, kuma haka yake har yau. Sojojin kundumbala na ruwa na Amurka su ma irinsa hafsoshinsu ke ratayawa. Labarin da suke bayarwa shi ne wani ɗan sarautar Tarabulus, Hamid Karamanli, ya ba Laftanar Presley O'Bannon irin wannan takobi bayan yaƙin Darna a 1805. Manyan rundunonin Yamma biyu ke nan da ke ado da takobin Musulmi.

14. Kyauta daidai muƙami, da kyautar da ta suɓuce

A 1803 'yan kasuwar inshora na Lloyd's a Landan suka kafa asusun karrama jaruman yaƙi. Takubba suke bayarwa masu daraja uku: na fam 30, na fam 50 da na fam 100, gwargwadon muƙamin hafsa, kowanne an rubuta sunansa da bajintar da ya yi a jiki. Suna cikin waɗanda masu tarawa suka fi kwaɗayi. Mafi shahara cikin takubban kyauta kuwa shi ne wanda Sarki George na Shida ya sa Wilkinson suka ƙera don mutanen Stalingrad. Firaministan Ingila Churchill ya miƙa wa shugaban Tarayyar Sobiyet Stalin shi a Tehran ranar 29 ga Nuwamba, 1943. Stalin ya sumbace shi ya miƙa wa Marshal Voroshilov, sai takobin ya zame daga kube a gaban manyan baƙi. Yanzu yana gidan tarihi a Volgograd, wato tsohon Stalingrad.

15. Tsini ke faɗin hukunci

A kotun sojan ruwa ta Ingila, hafsan da ake tuhuma yakan ajiye takobinsa a kan tebur. Idan alƙalai sun gama shawara aka dawo da shi, tun daga bakin ƙofa yake sanin makomarsa: in ƙota ce ke fuskantarsa ya kuɓuta, in tsini ne an same shi da laifi. Sai a 2004 aka daina wannan al'ada. A Faransa kuma, ranar 5 ga Janairu, 1895, aka karya takobin Kyaftin Alfred Dreyfus a bainar jama'a bisa zargin cin amanar ƙasa. A 1906 kotu ta wanke shi sarai. Mutum-mutuminsa da ke Faris yana riƙe da karyayyen takobin.

16. Abin da gwanjo ya nuna

A 2007 aka yi gwanjon takobin da Napoleon ya rataya a yaƙin Marengo na 1800. An sayar da shi a garin Fontainebleau kan Yuro miliyan 4.8, duk da cewa doka ta hana a raba shi da Faransa. A Mayun 2023 kamfanin Bonhams na Landan ya sayar da takobin Tipu Sultan, sarkin Mysore na Indiya, kan fam miliyan 14, alhali an yi tsammanin ba zai wuce miliyan 2 ba. An ɗauke shi daga ɗakin kwanan sarkin bayan an kashe shi a 1799, aka ba Janar David Baird. An rubuta sunayen Allah da zinariya a ƙotarsa, ruwan kuma maƙeran Indiya suka ƙera bisa zubin na Jamus. Kowane hannu da ya ratsa a rubuce yake, wannan ne ya ɗaga farashin.

17. Takobin da ya shiga caji ofis ya ɓace

Hafsoshin Japan da yawa sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu da ruwan takobin kakanninsu, an sa masa ƙota da kube irin na soja. Bayan an ci su aka umarci kowa ya miƙa makami. A Disamban 1945 Tokugawa Iemasa ya kai takubban gidansu caji ofis na Mejiro a Tokyo. Cikinsu har da Honjo Masamune, wanda gidan sarautar Tokugawa ya gada tsawon ƙarnoni, kuma aka ayyana shi dukiyar ƙasa a 1939. Bayan wannan miƙawa ya ɓace, har yau ba a san inda yake ba. Dubban takubba an narke su, wasu sojojin Amurka sun tafi da su gida. Dukiyar tarihi takan ɓace a rana ɗaya idan ta faɗa hannun wanda bai san ta ba.

18. Sirrin ƙarfen Dimashƙa

Takubban da ake kira na Dimashƙa, masu zane kamar gudun ruwa a jiki, yawancin ƙarfensu daga Indiya ake kawo shi a dunƙule, maƙeran Farisa da Sham su buga. Fasahar ta mutu sannu a hankali har aka rasa mai iya ta. A 2006 masu bincike na jami'ar Dresden suka duba wani irin wannan takobi na ƙarni na 17 da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani, suka tarar da siraran bututu na sinadarin gawayi a cikin ƙarfen, irin waɗanda kimiyyar zamani ba ta daɗe da sanin su ba. Maƙerin bai san sunansu ba, amma hannunsa da idonsa sun kai shi can. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya rage gare mu

Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa tsofaffin takubba da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya ga tsatsa ya kai wa mai injin wasa wuƙa, a goge har tambarin maƙeri ya tafi, ko ya yar da tsohon kube ya sa sabo mai ƙyalli don hawan sallah. Abin da ya fi shi ne a shafa wa ruwan ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, a daina taɓa shi da hannu mai gumi, a riƙa zare shi ana dubawa da damina domin fata tana riƙe laima, a nisanta kuben da gara da zafin rana. In an yi sabon kube, a adana tsohon.

Doka ma tana da magana. Dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa kayan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da izininta. A gari irin Maigatari da ke bakin iyaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ya tsallaka a cikin buhu da wuya ya dawo.

Aikin da ya fi gaggawa kuwa ba ya cin ko sisi. Duk mai tsohon takobi a gida ya zauna da dattijon da ya fi kowa sanin labarinsa, ya rubuta sunan wanda ya fara rataya shi, da sarautarsa, da sarkin da ya yi wa hidima, da yaƙi ko hawan da aka je da shi. Ya ɗauki hoton ruwan da tambarinsa da ƙota da kube, ya ajiye takardar tare da takobin. Majalisar masarautar Gumel da hakimai za su iya buɗe littafi guda da za a tattara waɗannan bayanai, takubban kuma su ci gaba da zama a gidajen masu su. Wilkinson ya yi wa hafsoshin Ingila wannan aiki tun 1844. Namu littafin yana cikin kan tsofaffi, kuma kowace shekara wasunsu suna tafiya da abin da suka sani.